Tarihin Ƙungiyar Ƙwallon Kwando Ta Nijeriya Da Abin Da Ya Shafe Mu A Cikinsa

Bayan gaisuwa mai yawa ga iyayenmu malamai, waɗanda suka yi ritaya da waɗanda ke bakin aiki, da kuma 'yan uwana tsofaffin ɗalibai maza da mata a duk inda neman abinci ya jefa ku, ina godiya ga kwamitin wannan mujalla da ya ba ni wannan fili. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya daga cikin malamai da ɗalibai, Allah Ya jiƙansu, Ya kyautata namu zuwan.

Da aka ce in kawo wani abu na tarihi, na san da yawa za su zaci tarihin masarautar Birnin Gwari zan ɗauko, ko na dajin Kamuku. To, waɗannan akwai manyanmu da suka fi ni saninsu nesa ba kusa ba. Ni tarihin ƙungiyar ƙwallon kwando ta maza ta Nijeriya na zaɓa, wadda ake kira D'Tigers, watau Damisoshi. Dalili kuwa shi ne, a taronmu da ya wuce, sa'ad da ake lissafa ayyukan da ƙungiya za ta yi wa makaranta, wani ɗan uwa ya ɗaga hannu ya kawo maganar tsohon filin ƙwallon kwandon nan da ke bayan azuzuwa. Aka bushe da dariya, aka wuce zuwa magana ta gaba. Ba na ɓoye muku, har da ni a masu dariyar. Amma da na koma gida sai abin ya tsaya mini a rai, na shiga tuno abin da na gani da abin da na karanta game da wannan wasa, sai na ga ashe ɗan uwan nan ya fi mu gaskiya. Ga abin da ya sa na ce haka.

Asalin Wasan

Shi dai wasan ƙwallon kwando ba tsohon wasa ba ne kamar dambe ko kokawa ko langa. Wani malamin motsa jiki ne mutumin Kanada, mai suna James Naismith, ya ƙago shi cikin watan Disamba na 1891 a garin Springfield na ƙasar Amurka, domin ɗalibansa su sami abin yi a cikin ɗaki lokacin da sanyin hunturu ya hana kowa fita. Ya samo kwanduna biyu irin na zuba 'ya'yan itace ya kafe a sama, ya rubuta dokoki 13, ya ce a jefa. Tsayin da ya kafe kwandunan nan, watau ƙafa 10 ko mita 3.05, shi ake bi har yau. A lura da wannan da kyau: malamin makaranta ne ya ƙago wasan, kuma don 'yan makaranta.

An kafa hukumar wasan ta duniya, FIBA, cikin 1932, wasan ya shiga gasar Olamfik a Balin cikin 1936, Nijeriya kuwa ta shiga hukumar cikin 1964. Ga waɗanda suka manta, mutum biyar-biyar ke karawa, na tsawon minti 40 da aka raba gida huɗu. Wanda ya jefa ƙwallo ta shiga daga kusa yana da maki 2, daga bayan layin da ke nisan mita 6.75 maki 3, jifan tara kuwa maki 1. Idan ƙwallo ta zo hannunku, daƙiƙa 24 kurum gare ku ku jefa, in ba haka ba alƙalin wasa ya karɓe ya ba abokan karawa. Wannan ya sa ake tara maki da yawa, kuma ratar maki 20 ma ana ɗaukarta mugun kaye.

Sakkwato Da Zariya

Mutane da yawa suna ɗauka wannan wasa na 'yan Kudu ne ko na 'yan birni. Tarihi bai nuna haka ba. Ɗan wasa mafi shahara da Nijeriya ta taɓa haifa shi ne Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas. Ƙwallon hannu da tsaron gida a ƙwallon ƙafa ya sani, sai a ƙarshen shekarun 1970, a wani taron wasanni na kwalejojin horon malamai da aka yi a Sakkwato, aka sa shi cikin 'yan wasan kwando na makarantarsu. Daga nan ƙofa ta buɗe. Ya tafi Jami'ar Houston a Amurka cikin 1980, cikin 1984 shi aka fara zaɓa cikin dukkan sababbin 'yan wasan da za su shiga babbar gasar Amurka ta NBA, ya kuma ci wa ƙungiyar Houston Rockets kofi sau biyu a jere, 1994 da 1995. Amma lambar zinariyar da ya ci a Olamfik na Atlanta cikin 1996, da rigar Amurka ya ci ta, domin a lokacin ya riga ya zama ɗan ƙasar.

Sai kuma Zariya. A Jami'ar Ahmadu Bello, wani Ba'amurke mai suna Oliver B. Johnson, wanda aka fi sani da Koci OBJ, ya shafe shekaru masu yawa yana koya wa ɗaliban jami'a da yaran gari wannan wasa. Cikin yaran da suka bi ta hannunsa akwai Masai Ujiri, wanda aka haifa a Ingila cikin 1970 amma a Zariya ya tashi, kuma bai fara taɓa ƙwallon kwando ba sai da ya kai shekara 13. Ujiri bai yi wani suna a matsayin ɗan wasa ba. Idon gane ɗan wasa Allah Ya ba shi. Ya zama babban manajan ƙungiyar Denver cikin 2010, cikin 2013 aka zaɓe shi gwarzon shugabannin ƙungiyoyin NBA, sa'an nan cikin 2019 ƙungiyar Toronto Raptors da yake shugabanta ta ci kofin gasar a karo na farko a tarihinta. Ya bar wannan kujera cikin 2025. Tun 2003 ya kafa gidauniyar Giants of Africa, wadda ke horar da yara tana kuma gina filaye a ƙasashen Afirka.

Da na je karatu Zariya, na je na ga inda ake wannan horo a Samaru da idona. Gani ya kori ji. Daɓen siminti ne a sarari, da ƙarafa da allo da zobe. Bai fi namu da komai ba, sai dai abu guda: kullum da yamma akwai babba a tsaye da usur a wuya.

Shekarun Da Angola Ta Tare Hanya

Gasar cin kofin Afirka ta ƙwallon kwando ita ce ma'aunin farko na kowace ƙasa a wannan nahiya. Nijeriya ta daɗe tana zuwa tana dawowa hannu rabbana, sai cikin 1995 a Aljeriya ta sami lambar tagulla. Cikin 1997 ta kai wasan ƙarshe a Dakar, Senegal mai masauki ta doke ta. Cikin 1999 ta sake kaiwa, Angola ta doke ta. Cikin 2003 a Iskandariyya ta ƙasar Masar, Angola ta maimaita. Tsakanin 1989 da 2013 Angola ta ɗauki kofin nan sau 11, alhali kuwa yawan mutanenta bai kai kashi ɗaya cikin biyar na namu ba, kuma rabin waɗannan shekaru tana cikin yaƙin basasa. Sirrinta ba ɓoyayye ba ne. Tana da ƙungiyoyi masu ƙarfi a cikin gida, irin su Petro de Luanda da Primeiro de Agosto, inda 'yan wasanta ke wasa tare duk shekara, har kowa ya san motsin ɗan uwansa. Mu kuwa sai gasa ta ƙarato ake tattaro mutane daga ƙasashe daban-daban, waɗansu ma a filin jirgin sama suke fara ganin juna.

Duk da haka Nijeriya ta je gasar cin kofin duniya a Girka cikin 1998, ta zo ta 13. Ta sake zuwa a Japan cikin 2006, a ƙarƙashin mai horarwa Sam Vincent, inda a wasanta na farko ta doke Sabiya da Montenegiro, masu riƙe da kofin, da ci 82 da 75. Ta tsallake zuwa zagaye na biyu, ta haɗu da Jamus mai shahararren ɗan wasan nan Dirk Nowitzki, aka tashi 78 da 77. Maki ɗaya tak ya raba. A lokacin muna hutun ƙarshen shekara, ina Gayam muna fama da aikin gona, kuma ban ji labarin nan ba sai bayan shekaru. Ina jin yawancinmu haka ne. Ƙasarmu tana can tana karawa da manyan duniya, mu da muke da filin wasan a bayan ajinmu ba mu da labari.

Daren Landan

Cikin watan Yuli na 2012 aka yi wasannin neman gurbin Olamfik a Karakas ta ƙasar Benezuwela. Ba wanda ya sa Nijeriya a lissafi. Mai horar da ita ɗan gida ne, Ayo Bakare. Sai ga ta ta doke Lituweniya, ta fitar da Girka da ci 80 da 79, Rasha ta doke ta, sa'an nan ta doke Jamhuriyar Dominika 88 da 73 ta karɓi gurbi na ƙarshe. Wannan ne zuwan farko da maza 'yan ƙwallon kwando na Nijeriya suka yi Olamfik. A Landan suka fara da ƙafar dama, suka doke Tunisiya 60 da 56.

Ran Alhamis 2 ga watan Agusta aka haɗa su da Amurka. Watan azumi ne, kuma sai bayan ƙarfe 10 na dare aka fara, saboda haka da aka idar da asham muka ɗunguma wani gidan kallo a Samaru, muka roƙi mai gidan ya kamo mana tashar. Da aka tafi hutun rabin lokaci Amurka na da 78, mu 45. Wani ɗan wasansu, Carmelo Anthony, ya ci maki 37 cikin abin da bai kai minti 15 ba, ya jefa mai maki uku ta shiga har sau 10. Ƙungiyar tasu gaba ɗaya ta jefa irin wannan sau 29. Aka tashi 156 da 73, watau ratar maki 83, kuma ba ƙasar da ta taɓa cin maki 156 a wasa ɗaya a tarihin Olamfik. Mutum ɗaya ya fitar da mu kunya, Ike Diogu, wanda ya ci maki 27.

Tun kafin a tashi gidan kallon ya watse, saura mu huɗu ko biyar. Na tuna wani dattijo mai gadi da ya leƙo ya tambaye mu nawa-nawa, da aka faɗa masa sai ya ce, to su namu barci suke yi? Washegari har a jaridun ƙasashen waje abin dariya muka zama. Wanda duk ya ce a daren nan wata rana Nijeriya za ta doke Amurka, da an ce a kai shi a duba lafiyarsa.

Kofin Afirka Da Daren Las Vegas

Amma sannu ba ta hana zuwa. Da dama daga cikin 'yan wasan da suka sha wannan kaye ba su gudu ba, sun ci gaba da amsa kira. Ran 30 ga watan Agusta na 2015, a Tunisiya, suka sake haɗuwa da Angola a wasan ƙarshe na kofin Afirka, a ƙarƙashin mai horarwa Will Voigt, suka doke ta 74 da 65. Shi ne kofin farko, kuma har zuwa gasar 2025 shi kaɗai ne. Chamberlain Oguchi aka zaɓa gwarzon gasar, kyaftin kuwa Olumide Oyedeji ne, haifaffen Badun, wanda ya yi shekaru yana ɗaukar azurfa da tagulla kafin Allah Ya nuna masa zinariya. Wannan kofi ya ba su gurbin Olamfik na Rio cikin 2016, inda suka doke Kuroshiya 90 da 76, ko da yake sauran wasanni huɗu an doke su. Cikin 2017 suka sake kai wasan ƙarshe na Afirka, Tunisiya ta karɓe kofin. Cikin 2019 a gasar duniya, suka doke ƙasar Sin mai masauki 86 da 73, suka fi kowace ƙasar Afirka matsayi, suka sami gurbin Olamfik na Tokyo, wanda annobar korona ta sa aka ɗage zuwa 2021.

Ran 10 ga watan Yuli na 2021, a birnin Las Vegas, aka shirya wasan sada zumunta tsakanin Nijeriya da Amurka don share fage. Amurka ta fito da manyanta, irin su Kevin Durant da Damian Lillard da Jayson Tatum. Mai horar da Nijeriya a lokacin Mike Brown ne. A agogonmu tsakar dare ne, ni dai barcina na yi, don na riga na san abin da na gani a Samaru. Da na tashi sallar asuba na duba waya, sai na ga 90 da 87. Na ɗauka an juya lambobin ne, sai da na sake dubawa. Nijeriya ta jefa mai maki uku sau 20, watau da makamin da aka kashe ta a Landan ta rama, Gabe Vincent shi kaɗai ya ci maki 21. Ba ƙasar Afirka da ta taɓa doke Amurka kafin wannan rana. Bayan kwana biyu suka ƙara da Ajantina, 94 da 71. Daga ratar 83 a kanmu zuwa ratar 3 a hannunmu, shekara tara ce.

Abin Da Ya Biyo Baya

Da tatsuniya ce, da a nan zan ce ƙurunƙus. Tarihi kuwa ba ya tsayawa inda aka ji daɗi. Da aka je Tokyo, inda wasan ke da lada, Ostireliya ta doke mu 84 da 67, Jamus 99 da 92, Italiya 80 da 71, muka dawo ba nasara ko ɗaya, alhali muna da 'yan wasan NBA har takwas. Amurkar da muka doke kuwa ita ta ɗauki zinariya.

A gida kuma wata wuta ke ci. Tun cikin watan Yuni na 2017 hukumar wasan ta ƙasa ta dare gida biyu, aka yi zaɓe ɗaya a Kano aka ce Tijjani Umar ne shugaba, aka yi wani a Abuja aka ce Musa Kida ne. Rikicin ya ja shekaru, gasar ƙungiyoyin cikin gida ta yi ta tsayawa tana tashi, 'yan wasan ƙungiyoyi irin su Kano Pillars, waɗanda suka sha ɗaukar kofin ƙasa, suka zauna ba wasa. Cikin watan Mayu na 2022 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar janye Nijeriya daga dukkan wasannin ƙwallon kwando na duniya har shekara biyu. An soke wannan hukunci cikin watan Yuni, amma kafin nan an riga an ba Mali gurbin da matanmu, D'Tigress, suka sha wahala suka samu a gasar duniya ta wannan shekara. Mazan kuma ba su sami zuwa gasar duniya ta 2023 ba, wadda har tsibirin Cape Verde mai mutane kimanin rabin miliyan ya je, haka nan ba su je Olamfik na Faris cikin 2024 ba. A kofin Afirka na 2025 a Angola, tare da mai horarwa ɗan gida Abdulrahman Mohammed, sun ci wasanninsu uku na rukuni, Senegal ta fitar da su a zagayen ƙungiyoyi takwas, Angola ta ɗauki kofi na 12.

Ina Aka Rene Su?

To, a nan ne tambayar da ta dame ni take. Mu ɗauki waɗanda suka yi mana waɗannan nasarori ɗaya bayan ɗaya. Ike Diogu a Buffalo aka haife shi, Chamberlain Oguchi a Houston, Al-Farouq Aminu a Atlanta, Gabe Vincent a Kalifoniya, duk a Amurka. Precious Achiuwa a Fatakwal aka haife shi, amma yana yaro ya ƙetare, can ya yi sakandare. 'Ya'yanmu ne, jininmu ne, kuma sun cancanci godiya, domin ba wanda ya tilasta musu sa koriyar riga, waɗansu ma sukan yi wasa ba a biya su haƙƙinsu a kan lokaci ba. Amma gaskiya ɗaya ce, makarantun wata ƙasa ne suka rene su, malaman wata ƙasa suka koya musu, a filayen da iyayen yaran wata ƙasa suka gina. Kuma wanda ya reni yaro shi ke da zaɓin farko. Shi ya sa Olajuwon da Bam Adebayo suka yi wa Amurka wasa, Giannis Antetokounmpo, wanda iyayensa duka 'yan Nijeriya ne, ya yi wa Girka.

Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Ƙungiyar ƙasa kamar rumbu take, abin da aka noma a gona shi ake zubawa. Gonar kuwa ita ce makarantar sakandare. Tsawo da ƙarfi Allah Ya ba mu su a ko'ina, daga Legas har Gayam. Abin da ya bambanta yaron Atlanta da yaron Birnin Gwari shi ne, na farko ya sami fili da malami yana ɗan shekara 10, na biyu kuwa har ya tsufa ba wanda ya taɓa miƙa masa ƙwallo.

Filinmu

'Yan ajinmu za su tuna shekarar da aka turo mana wani ɗan bautar ƙasa wanda ya koyi wasan a Zariya. Ya tarar da filin nan ciyawa ta fasa simintin, ƙarfe ɗaya ya faɗi, ɗayan ba zobe. Ya sa muka share, ya ɗauki wani guntun rodi ya kai wa mai walda a cikin gari aka lanƙwasa, ya sayo ƙwallo ɗaya da kuɗin alawus ɗinsa. Kwando ɗaya muke jefawa, mu fiye da talatin, mafi yawa ba takalmi. Duk da haka wannan shekara, in an tashi daga makaranta ba mai son tafiya gida, har yaran da suka saba tserewa bayan tara sun riƙa tsayawa, domin dokarsa ita ce wanda bai shiga aji ba ba ya taɓa ƙwallo.

Akwai wani dogon yaro a ajinmu, mutumin wani ƙauye kusa da Gayam, kowa ya san wanda nake nufi. Cikin wata uku ya iya abin da ya ba malamin nan mamaki, har ya ce zai kai shi Zariya a gan shi. Shekara ta ƙare, malamin ya tafi, ƙwallon ta fashe, ba a sake saye ba. Filin ya koma wurin shanyar masara. Na haɗu da ɗan uwan nan a tasha shekarun baya, bayan rashin tsaro ya tashe su daga ƙauyensu, yana dakon buhuna. Sana'a ce ta halal, kuma yana riƙe da iyalinsa da ita cikin mutunci. Ban ce da ya je Zariya da ya zama Olajuwon ba, wannan sanin Allah ne. Abin da na sani shi ne ba a gwada ba, kuma abin da ya hana gwadawar bai fi kuɗin ƙwallo ɗaya da kuɗin mota ba.

Ba sai na tsaya ba ku labarin abin da ƙasarmu ta gani ba. Kun san shekarun da hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ta zama abin tsoro, da ƙauyukan da suka watse, da makarantun da aka rufe, da watannin ƙarshen 2021 da aka katse layukan waya ba mai jin ɗan uwansa. Cikin watan Nuwamba na 2024 aka yi sulhu har aka sake buɗe kasuwar shanu, muna roƙon Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amma yaran da suka tashi cikin waɗannan shekaru suna nan, da yawansu sun yi shekaru ba aji, kuma duk mun san cewa yaro mai ƙarfi wanda ba shi da abin yi da yamma, akwai masu nemansa, a daji da ramukan haƙar zinariya da wajen masu sayar da ƙwaya.

Shawara

Na san abin da za a ce, domin an faɗa a taron: azuzuwa ba rufi, yara na zaune a ƙasa, wa ke ta ƙwallo? Wannan magana gaskiya ce, kuma ni ma na yarda rufi da kujeru su ne gaba. Roƙona shi ne kada a goge filin daga takarda, a sa shi a layi na uku. Faɗinsa duka mita 28 ne da mita 15, ko kusurwar filin ƙwallon ƙafa bai cika ba. A cikinmu akwai injiniyoyi da 'yan kwangila da masu sayar da siminti, akwai kuma masu walda. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma mu ai ba hannu ɗaya ba ne.

Na biyu, kuma wanda ya fi muhimmanci, shi ne malami. Darasin Zariya ke nan, darasin filinmu ma ke nan: siminti ba ya koyar da kowa. Ina ba da shawara ƙungiya ta ware ɗan alawus na wata-wata ga malami ɗaya mazaunin makarantar, ta ɗauki nauyin tura shi kwas na horarwa, ta kuma sayi ƙwallaye a farkon kowane zango, don kada abin ya sake mutuwa ranar da baƙo ya tafi. Na uku, a ware wa 'yan mata ranakunsu, cikin sutura da tsarin da iyaye za su amince da shi. Kada mu manta matan Nijeriya sun ɗauki kofin Afirka sau biyar a jere daga 2017 zuwa 2025, kuma a Faris cikin 2024 su ne ƙungiyar Afirka ta farko, maza ko mata, da ta kai zagayen ƙungiyoyi takwas a Olamfik. Na huɗu, a riƙe dokar malaminmu: wanda bai shiga aji ba, ba ya taɓa ƙwallo.

Ban yi wa kowa alkawarin za mu fitar da ɗan wasan ƙasa ba. Cikin yara dubu da ƙyar ɗaya ke kaiwa can. Amma sauran za su sami lafiyar jiki, da ladabin bin doka, da dalilin zuwa makaranta, wataƙila wani ya sami gurbin karatu ko aikin ɗamara ta wannan hanya. In kuwa Allah Ya sa akwai wani dogon yaro a aji ɗaya yanzu haka, to wannan karo a ce an gwada. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ɗan uwan da muka yi wa dariya, ina neman afuwarka a bainar jama'a. In Allah Ya kai mu taro mai zuwa ka sake ɗaga hannu, za ka sami mai goya maka baya, kuma buhun siminti biyar na farko suna wuyana. Kurakuran da ke cikin wannan rubutu nawa ne, malamaina su gyara mini kamar yadda suka saba. Allah Ya ɗaukaka makarantarmu, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya mai ɗorewa, amin.